Sarautar da ba a naɗa ba: nazari a kan littafin Steve Brusatte

A shekarar 2022 Steve Brusatte, malami a jami'ar Edimburg, ya wallafa The Rise and Reign of the Mammals, tarihin dabbobi masu shayarwa. Littafi ne da ya kamata malaman kimiyyar halittu su nema, ko don ya raba su da wata tsohuwar magana, wai masu shayarwa jikokin masu jan ciki ne. Marubucin ya nuna reshen biyu sun rabu tun kimanin shekara miliyan 325 da suka wuce. Namu reshen ana gane shi da rami guda a ƙoƙon kai, bayan ido. Dimetrodon, mai ƙaton tozo kamar tanti, wanda yara ke ɗauka dinozor ne, ya fi kusa da akuya a kan damo.

Inda alƙalaminsa ya fi kaifi shi ne batun kunne. Ƙasusuwa biyu da suke haɗa muƙamuƙin kakannin nan da kai sun yi ta ƙanƙancewa, har wata sabuwar gaɓa ta karɓe musu aikin tauna, su kuwa suka koma cikin kunne, suka zama guduma da maƙera. Tun 1837 Reichert ya hango haka a jikin tayi, daga baya duwatsu suka ba da shaida. Brusatte ya bi wannan sauyi daki-daki, ba gaggawa.

Sai dai sunan littafin ya zarce hujjarsa. Wace sarauta? Masu shayarwa ba su kai iri 7000 ba, tsuntsaye sun haura 10000, ƙwari kuwa ba a magana. Shi da kansa ya nuna sa'a ta yi aiki, domin da dutsen sama bai faɗo ba shekara miliyan 66 da suka wuce, da wuya fili ya samu. Labaran abokan aikinsa ma sun yi yawa.

Malami ɗan Nijar yana da abin ƙarawa daga gida. A duwatsun Moradi na wajen Arlit (ba Maraɗi ba, a lura) an tono ɓurɓushin gorgonopsiya, mafarauci mai dogayen fiƙa daga reshenmu. An bayyana shi a 2008, da sa hannun Oumarou Ide da Abdoulaye Maga.