Tsofaffin Fina-finan Camama: Abin da Aka Raina a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano cikin 1990, masu nazarin fim ɗin Hausa sun fi karkata ga fina-finan soyayya da raye-raye. Su kuwa na barkwanci, waɗanda ake kira camama, an ɗauke su shirme, saboda ƙarancin kuɗin da ake kashewa da gaggawar da ake yi wajen ɗaukarsu. Amma a garuruwan manoma irin su Ƙaraye da Rogo, kaset ɗin camama da ake sarowa daga Ƙofar Wambai ya tara matasa a gidajen kallo masu janareta.

Dalilin farin jininsu a fili yake. Jarumin camama talaka ne, sau da yawa baƙauye, wanda ke shiga birni ya sha wuya, ya kuma yi wa masu kuɗi da 'yan boko wayo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin ƙasar Wudil, wanda ya rasu a Disambar 2014, shi ne gwanin wannan fage. Ibro Awilo da Ibro Usama sun nuna yadda yake ɗauko abin da duniya ke yayi, ya mai da shi abin dariyar gida.

Ba a rasa aibi ba. Labarin yakan zo a wargaje, sauti ba ya fita, wani zubin kuma barkwancin ya zarce iyaka. Ibro Aloko ma ya jawo masa ɗauri a 2008, bayan saɓani da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano.

Duk da haka, rashin kuɗin ya zama alheri. Da yake ba a gina musu dandali ba, an ɗauke su ne a zauruka da kasuwanni da tashoshin mota na gaske. Saboda haka mai nazari zai ga suturar lokacin da karin maganarsa da irin cinikinsa.

Matsalar ita ce kaset ba ya jure zafi da laima da ƙura, faifan bidiyo ya kore shi, waya kuma ta kori faifan. Wanda ke da tsohon kaset a Ƙaraye ko Rogo yana riƙe da shaidar tarihi. Ya kamata a tattara su, a juye a kwamfuta, a rubuta sunayen 'yan wasa da shekarar fitowa, tun kafin waɗanda suka san su su ƙare.