Amana Tsakanin Mawallafi Da Mai Karatu A Labarun Binciken Kisa Na Ingila

Cikin ƙagaggun labarun da Turawan Ingila suka wallafa akwai wani iri wanda malamai ba su cika ba shi girma ba, amma kuwa da wuya a sami wanda ya fi shi yawan masu karatu. Shi ne labarin binciken kisa, watau inda a ke kashe mutum a ɓoye, sa'an nan wani mai basira ya bi sawu har ya fito da wanda ya aikata. Abin tambaya shi ne, me ya sa mutanen kirki, waɗanda ba su son ko ganin jini, su ke kwana a kan irin waɗannan littattafai? Amsar da za a kafa a nan ita ce, amanar da ke tsakaninsu da mawallafi ita ke jan su, kisan kuwa dalilin haɗuwa ne kurum.

Wannan irin labari ya biyo bayan aikin 'yan sanda ne. A 1829 Robert Peel ya kafa 'yan sandan birnin Landan, a 1842 aka buɗe musu sashen 'yan sandan ciki. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes, wanda ya kwaikwayo daga malaminsa na aikin likita a Edinburgh, Joseph Bell, mutumin da ya kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba. Labarun Holmes 60 ne, 4 dogaye, 56 gajeru. Amma a cikinsu sau da yawa mai karatu ɗan kallo ne kamar Likita Watson, gama Holmes ya kan riƙe wata hujja a cikinsa sai ƙarshe.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka mai da ɗan kallo abokin gasa. A 1929 Ronald Knox ya tsara ƙa'idodi 10 na wannan sana'a. Daga cikinsu akwai cewa lalle a ambaci mai laifi tun farkon labari, kada a warware al'amari da aljanu ko tsafi, kada kuma mai bincike ya ɓoye alamar da ya gano. Wanda ya san kacici-kacici ya san wannan sharaɗi. Mai ƙulla shi ya kan ba da siffar abu duka, ba ƙarya a ciki, sai dai ya karkatar da hankali. In an kasa aka ba shi gari ya faɗi amsa, daɗin yana wurin a ce, ashe tun ɗazu tana gabanmu.

Littafin da ya fi gwada ƙarfin wannan amana shi ne The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, 1926. Likita Sheppard, wanda ke ba da labarin da bakinsa, shi ne ya yi kisan. Wasu suka ce an ci amanarsu. Amma wanda ya sake karantawa zai tarar likitan bai yi masa ƙarya a kan daren kisan ba. Ya faɗi abin da ya yi kafin, ya faɗi na baya, ya yi shiru a tsakani, mai karatu da kansa ya cike gurbin da kyakkyawan zato, don ya ɗauka likita ba ya kisa. Gwanintar Christie ke nan: da zaton mai karatu ta ke kama shi.

Abu na biyu shi ne ƙanƙantar wurin. Ƙauye ne, ko gidan attajiri, ko jirgin ƙasa da ƙanƙara ta tsare, kamar a Murder on the Orient Express na 1934. Mutane kaɗan ne, kowa ya san kowa, saboda haka da an sami gawa sai zargi ya hau kan kowa. Shi ya sa Miss Marple, tsohuwar ƙauyen St Mary Mead, ta kan riga 'yan sanda ganewa, domin da ɗan gari a kan ci gari. A 1948 mawaƙi W. H. Auden ya nuna cewa abin da mai karatu ke nema shi ne a ware mai laifi guda, sauran jama'a su wanku. Ga al'ummar da ta binne samari dubbai ɗaruruwa a yaƙi, ba ƙaramin sanyin zuciya ba ne a karanta labarin da rai guda ya ke da mai bin kadinsa.

Ba a rasa masu suka ba. A 1944 Raymond Chandler na Amurka ya ce kisan cikin waɗannan littattafai bai yi kama da na duniya ba, a 1945 Edmund Wilson ya ce ɓata lokaci ne. Suna da gaskiya ta wani wajen. Zaman lafiyar da a ke mayarwa na masu hali ne, barori kuwa sau da yawa ba su wuce masu buɗe ƙofa ba. Marubutan baya sun rage wannan aibi. Adam Dalgliesh na P. D. James, 1962, da Sufeto Morse na Colin Dexter, 1975, wanda aka nuna a talabijin daga 1987 zuwa 2000, ma'aikata ne masu shugabanni a kansu, su kan yi kuskure, ba su kuwa fita daga bincike da farin ciki. Duk da haka ba su karya tsohon sharaɗin ba, hujja tana gaban kowa.

Ga malaman kwalejojin horon malamai amfanin a fili ya ke. Littafin da ke tilasta wa ɗalibi ya rarrabe abin da aka faɗa masa da abin da shi ya zata, ya koya masa karatu da lura. Sai dai a gargaɗe shi kada ya ɗauki ƙauyen Miss Marple a kan shi ne Ingila, kada kuma ya zaci kowace shari'a ta duniya tana ƙarewa da kama mai laifi.