Gwanin da Ke Gane Ciwon Waya Tun Tana Cikin Bango

Tsakanin 1965 da 1973 farashin jan ƙarfe ya yi tashin gwauron zabi, sai magina a Amurka da Kanada suka koma yin wayarin gidaje da alminiyam, saboda arha da rashin nauyi. A Amurka kaɗai, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi, wato CPSC, ta ƙiyasta cewa gidaje kusan miliyan biyu aka yi wa haka. Ba a jima ba aka fara ganin illa. A watan Afrilun 1974 gobara ta ci mutum biyu a wani gida da ke Hampton Bays a jihar New York, aka bi diddigi aka tarar daga mahaɗar waya a bayan soket ta tashi. Da yawa daga cikin gidajen nan har yau da mutane a ciki, kuma akwai masu gyaran wuta da suka ƙware wajen duba su. Aikinsu abin a yaba ne.

Abu na farko da gwani ya sani shi ne, ciwon ba a tsawon wayar yake ba, a mahaɗa yake, inda ta haɗu da sukurun soket ko makunni. Alminiyam ya fi jan ƙarfe buɗewa idan ya ji zafi, ya kuma tsuke idan ya huce. Yau da gobe sai wayar ta saki a ƙarƙashin sukuru. Da iska ta samu shiga, sai wata tsatsa mara launi ta rufe ta, wadda ba ta barin wuta ta wuce salin-alin. Wurin ya ɗau zafi, zafin ya ƙara sassauta shi, sassaucin ya ƙara zafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin tsoron kuma shi ne bireka ba za ta yanke wuta ba, domin wutar da ke bin wayar ba ta wuce ƙima ba. Wani bincike da aka yi wa CPSC ya nuna cewa gidan da aka yi wa irin wannan wayarin kafin 1972 ya ninka mai jan ƙarfe sau 55 wajen yiwuwar samun mahaɗar da ta kai zafin tayar da gobara.

Shi ya sa gwani ba ya gaggawa. Yakan fara da tambayar masu gida: ƙwan fitila yana ƙyafta ido? Akwai soket ɗin da ya daina aiki haka kawai? Kun taɓa jin warin roba tana ƙonewa? Daga nan ya hau silin da tocila, ya share ƙura daga rigar waya, yana neman tambarin AL na alminiyam. Farin launi kaɗai ba ya ruɗarsa, domin akwai tsohuwar wayar jan ƙarfe da aka shafe da kuza. Sai ya duba bakin da aka yanke, idan cikin ja ne ya san ba ta alminiyam ba ce.

Sannan ya kunna hita ko dutsen guga, ya bar layin ya ɗau nauyi, ya bi soket-soket da bayan hannu ko kyamarar auna zafi. Wanda ya ji da ɗumi, sai ya kashe wuta daga akwati, ya tabbatar da testa, ya kwance murfin. A nan ake ganin hannun gwani. Yana jawo soket ɗin a hankali, don tsohon alminiyam ba ya jure lanƙwasa, yana iya karyewa a cikin rigarsa ba a gani ba. Ya duba ko robar ta yi baƙi ko ta ƙanƙance, ko maginin farko ya ji wa wayar rauni lokacin feɗe ta, ko an cusa ta ta ramin baya maimakon a naɗe ta a sukuru, ko wani ɗan koyo ya murɗe ta da jan ƙarfe kai tsaye. Ya nemi tambarin CO/ALR, wanda ke nuna an ƙera soket ɗin don alminiyam. Ya kuma auna kauri: inda jan ƙarfe mai lamba 14 ke ɗaukar amfiya 15, alminiyam sai mai lamba 12.

Ƙarshen aikin shi ne faɗin gaskiya, kuma nan ne ƙwarewa ke haɗuwa da amana. Wani gidan sai an sake wayarin gaba ɗaya. Wani kuma ya wadatar a ɗaura guntun jan ƙarfe a bakin kowace waya da mahaɗin COPALUM ko AlumiConn, ba tare da an fasa bango ba. Gwani ba ya tsorata mai gida don ya samu babbar kwangila, ba ya kuma duba soket uku ya ce komai lafiya, domin mahaɗa ɗaya tak da aka tsallake ta isa ta cinye gida. Yana buɗe su duka, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu da sunansa.