Ƙofar Shiga da Ƙofar Fita: Nazari a kan Wasannin Duniyar Kwaikwayo

Tun shekarar 1965, sa'ad da wani masanin kwamfuta na Amurka, Ivan Sutherland, ya siffanta wani ɗaki wanda na'ura ce za ta mallaki duk abin da ke cikinsa, har kujerar da ta zana ta zaunu, harsashin da ta zana kuma ya yi kisa, ma'abota wannan fanni ba su gushe ba suna bin buri guda, shi ne su gina wa ɗan Adam wata duniya ta wasa wadda in ya shige ta, idonsa da kunnensa da fatarsa duk za su shaida masa cewa haƙiƙa ce. A 1968 Sutherland ya haɗa wani tabarau na leƙa irin wannan duniya, wanda sai da aka rataye shi a rufin ɗaki kafin a iya sa shi. Kamfanin Nintendo ya gwada nasa a 1995, bai karɓu ba. Al'amarin ya yi barci har 2012, da Palmer Luckey ya fito da Oculus, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan dalar Amurka wajen biliyan 2, daga baya ma, a 2021, kamfanin ya sauya sunansa zuwa Meta domin ya nuna inda ya sa gaba.

Asirin tabaran ba mai wuyar fahimta ba ne. Allo biyu ne ƙanana, kowane ido da nasa, tare da na'urar da ke bin motsin kai, tana sake zana hoton kamar sau 90 a daƙiƙa guda. In kuwa hoton ya yi jinkiri, ko da wanda bai kai ƙiftawar ido ba ne, sai jiri da tashin zuciya su kama mai wasa, domin ido yana faɗin wani abu, alhali ma'aunin da Allah ya sa a cikin kunne yana faɗin wani abu daban. Wanda ya tsaya kusa da mai sanye da shi zai ga abin dariya da abin tausayi a haɗe: ƙato yana sunkuyawa don kauce wa takobin da babu, yana kai wa iska duka, yana ɗaga ƙafa a hankali don kada ya faɗa rami, alhali tabarma ce shimfiɗe a gabansa. Duk da haka gani da ji kaɗai aka rinjaya. Shaƙa da ɗanɗano da mafi yawan taɓawa suna nan tare da mai su. Saboda haka waɗansu suka juya ga ƙwaƙwalwa kanta, kuma a watan Janairu na 2024 kamfanin Neuralink ya dasa na'ura a kan wani mutum da jikinsa ya shanye, har ya buga shaɗaranji a kwamfuta da tunani zalla. Amma karanto nufin mutum daga ƙwaƙwalwarsa abu guda ne, zuba masa duniya sukutum a cikinta kuwa wani abu ne daban, wanda har yanzu yana a matsayin hasashe.

To, mutanen Maraɗi ba baƙi ba ne ga sha'awar barin wannan duniya na ɗan lokaci a leƙa wata. Mafi sauƙin misali ita ce tatsuniya. Kaka ba ta fara ba da labarin Gizo da Ƙoƙi sai ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", jikoki sun amsa, wanda yake tamkar ƙulla yarjejeniya ne cewa abin da zai biyo baya ba a ɗaukarsa da ma'aunin gaskiya da ƙarya. Ba ta kuma tashi sai ta rufe da "ƙurunƙus kan kusu", kowa ya san an dawo gida. An keɓe mata dare, bayan an ƙare aiki, har ana tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana ɓata zai yi.

Misali mafi zurfi shi ne bori, wanda ya daɗe da gindin zama a kwarin Maraɗi, tun da sarautar Katsina ta kafu a Maraɗi, ta Gobir kuma a Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Iya da Inna suke shugabantar 'yan bori, kamar yadda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi bayani a littafinta na 1972. Hukuncin malamai a kan bori sananne ne tun zamanin Shehu Usmanu, ba kuma nufinmu mu sake buɗe shi ba. Tsarinsa muke dubawa. Iskoki suna da birninsu, Jangare, da gidaje da sarauta da dangantaka, kowanne da kiɗansa da tufafinsa da halinsa, ta yadda da zarar goge ya juya, 'yan kallo sun san wanda ya hau: ga Malam Alhaji, tsoho mai tari da jan tasbaha, ga Kuturu da yatsu a dunƙule. Goɗiya, wato 'yar borin da aka hau, ta bar sunanta da muryarta ta ɗauki na wani, wanda shi ne matuƙar abin da masu tabarau suke nema. Amma ba a hawa sai an yi girka, ba a yi sai da makaɗa, akwai mata a gefe masu gyara mata zane da tare ta kada ta ji rauni, kuma in lokaci ya yi iska ya sauka da atishawa, ta koma ita ce.

Wanda ya gwama waɗannan biyu zai tarar da sharuɗɗa huɗu da ba a raba su da wasan ba: lokaci sananne, da mai tsaro wanda shi bai shiga ba, da jama'a masu shaida, da ƙofar fita wadda ba a hannun mai gayyata kaɗai take ba. Haka tashe yake, ba ya wuce watan azumi. Haka kokowa, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauki kambunta na ƙasa a karon farko a Tawa a 1975, tana da alƙali da da'ira da lokacinta.

Gidajen wasan bidiyo da ke unguwannin Maraɗi a yau, ko da ba da niyya ba, sun gaji waɗannan sharuɗɗa. Rumfa ce ko shago, da talabijin biyu ko uku da PlayStation, yara a jere a kan benci, biyu suna ƙwallo, ɗaya ya ɗauki Barcelona ɗaya Real Madrid, goma suna tsaye a bayansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Wanda aka ci ya miƙa madanni ga na gaba. Wanda 'yan dalolinsa suka ƙare ya koma ɗan kallo. Ƙane ya leƙo ya ce Inna tana kira. Ladan ya yi kiran magariba kowa ya ji. In duk waɗannan ba su tashe su ba, ɗaukewar wuta ta tashe su. Ana kuka da waɗannan gidaje, kuma da gaskiyar masu kukan, amma yaron da ke cikinsu ana ganinsa, shi ma yana gani.

Tabarau kuwa, gwargwadon kammalarsa gwargwadon yadda yake rushe sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya, domin cikar nutsewa ita ce mutum ya daina ganin rana ta karkata, ya daina jin mai kira, ya rasa ɗan kallo, ƙofar fita kuma ta koma hannun kamfanin da ribarsa take cikin daɗewar mai wasa. Masu hikaya sun riga masu ƙira hango wannan: labarin Jafanawa mai suna Sword Art Online, wanda aka buga a 2009, an gina shi ne a kan mutum 10,000 da suka shiga wasa suka tarar an cire maɓallin fita. Ba sai an kai can ba, tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, alhali a kan allo na yau da kullum ake magana.

Malamanmu suna da abin aunawa a hannu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Maraɗi, ta hana wasan nardi da shaɗaranji, kuma masu sharhi sun ambaci illolin da ake gudu, wato caca da gafala daga salla da tozarta lokaci. Imam Gazali, a ɗaya ɓangaren, ya yarda cewa zuciya tana gajiya, kuma ɗan wasa na halal yana maido mata da ƙarfi; shi ne kuma ya yi tsokaci, tun kafin rasuwarsa a 1111, cewa mai mafarki yana sakankancewa da abin da yake gani har ya farka. Sai dai akwai mas'aloli sababbi da ke jiran ijtihadi: mene ne hukuncin dukiyar da aka saya da kuɗi na gaske alhali ba ta da samuwa sai a cikin wasa, da cin mutuncin da aka yi wa mutum a jikin aro, da keɓewar namiji da mace a ɗakin da babu shi?

Wani zai ce tsada da ƙarancin wuta sun ishe mu katanga. Lalle tabaran Quest 3 ya fito a 2023 a kan dalar Amurka 499, kusan jaka 300 na CFA ke nan a lokacin, kuma ba a manta da duhun da aka sha ba tun daga Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta Maraɗi take biyowa ta Katsina da Gazawa. Amma salula ma da ta zo sai alhazai, yau ga ta a aljihun ɗan kabu-kabu da mai noman zogale a Jiratawa. Ba kuma sharri ne zalla ba. Da wannan na'ura ana iya tayar da tsohon garin Maraɗi wanda ambaliyar gulbi ta 1945 ta rushe, yaro ya ratsa lungunansa. Maniyyaci ya koyi ɗawafi da sa'ayi tun yana gida. Ɗalibin likita ya yi ta fiɗa ba tare da ya zubar da jini ba.

Tun ran gini, ran zane. Ya kamata ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo su koyi gina waɗannan duniyoyi da harshenmu da tarihinmu, malamai su zauna da masu fannin su fahimci abin kafin su yi fatawa, iyaye kuma su riƙe ƙa'ida guda wadda kakanninsu suka riƙe: kada a bar yaro ya shiga wasan da ba a san lokacin ƙarewarsa ba, ba kuma wanda ke tsaye a waje da ikon ce masa ya isa haka.