Suna da Mantuwar Tsufa: Sharhi a Kan Binciken Gillian Cohen

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da masana halayyar ɗan'adam suka tabbatar game da tsufa, akwai cewa sunan mutum shi ne kalmar da ta fi saurin kwanta wa dattijo. Yakan ga fuska ya shaida ta, ya san garin mai ita da sana'arsa, amma sunan ya ƙi zuwa baki. Manufar wannan sharhi ita ce a duba dalilin da Gillian Cohen, masaniya daga Ingila, ta bayar game da wannan al'amari, sa'an nan a auna shi da ma'aunin sunayen Hausawa, domin dalilin nata ya ta'allaƙa ne a kan wata da'awa ta ilmin harshe, watau cewa suna ba shi da ma'ana.

2.0 Abin da Binciken Ya Ƙunsa

A shekarar 1986 Cohen da Dorothy Faulkner suka gabatar wa matasa da tsofaffi gajerun tarihohin wasu mutane, kowane tarihi na ɗauke da suna da gari da sana'a da abin sha'awa. Da aka nemi su maimaita, sai sunayen mutane suka fi kome ɓacewa. A 1987 McWeeny da abokan aikinsa suka ƙara fito da matsalar fili da kalmar Baker, wadda a Ingilishi takan zama sunan mutum, takan kuma nufi mai gasa burodi. Wanda aka gaya wa cewa sana'ar mai hoto ce ya fi tuna kalmar a kan wanda aka gaya wa cewa sunansa ne, alhali kuwa lafazin guda ne.

Bayanin da Cohen ta yi a 1990 shi ne, sana'a tana jawo wasu abubuwa a zuciya, kamar garin alkama da tanda da sammako, kowannensu kuwa hanya ce ta komawa ga kalmar. Shi ko suna ba ya jawo kome. A 1991 Deborah Burke da Donald MacKay da abokan aikinsu a Amurka suka ƙara da cewa igiyar da ta haɗa ma'ana da sautin kalma takan yi rauni da yawan shekaru, kuma da yake suna ba shi da igiyoyi masu yawa, ba shi da madogara idan ta saki.

3.0 Inda Bayanin Ya Gaza

Babu jayayya a kan sakamakon gwaje-gwajen. Jayayyar tana kan kalmar "ma'ana". Ra'ayin cewa suna nuni kawai yake yi, ba ya siffantawa, tsohon ra'ayi ne na John Stuart Mill tun 1843, wanda ya ce garin Dartmouth zai ci gaba da amsa sunansa ko da kogin Dart ya sake hanya. Ra'ayin ya yi daidai da al'ummar da akasari take zaɓen suna don daɗin ji ko don gado, amma bai game duniya ba.

Bahaushe yana da sunaye aƙalla iri uku, kuma dangantakar kowanne da mai shi daban take. Na farko shi ne sunan yanka, kamar Ibrahim da Hadiza, wanda galibin masu kiransa ba su san asalin ma'anarsa ba. Wannan ya yi kusa da abin da Cohen take nufi. Na biyu shi ne sunan yanayin haihuwa: Talatu da Ɗanjuma sun faɗi rana, Azumi ta faɗi wata, Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza. Irin wannan suna labari ne na gaskiya game da mai shi, sai dai ba a ganinsa a fuska. Na uku shi ne laƙabin siffa ko sana'a, kamar Dogo da Gajere da Maigoro, wanda ido kansa yake tunatar da shi.

Ke nan tambayar da ta dace ba ita ce ko suna yana da ma'ana ba, a'a, ita ce ko ma'anar ta haɗu da abin da mai kira ya sani game da wanda ake kira. Bincike na baya ya karkata ga wannan fahimta. A 1998 Serge Brédart da Tim Valentine suka nuna cewa sunayen taurarin zanen yara masu siffanta mai su sun fi saurin zuwa baki, a 2007 kuma Fogler da James suka gano cewa tsofaffi sun fi matasa cin moriyar wannan siffantawa. Amma abin lura shi ne, sai da masu binciken suka koma ga ƙagaggun taurari kafin su sami sunaye masu siffantawa, alhali a kowace unguwa ta ƙasar Hausa akwai mutane na haƙiƙa masu irin waɗannan sunaye.

4.0 Hattara ga Manazarcin Hausa

Duk da haka, kada manazarci ya yi saurin cewa ma'ana ta kare tsohon Bahaushe daga mantuwa. Da fari dai, ma'ana takan shuɗe: wanda ya gaji Tanko daga kakansa ba lalle ne ya biyo mata ba, ya zama daidai da Baker wanda bai taɓa gasa burodi ba. Na biyu, ma'ana tana iya zama tarko. Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu jerin ƙidaya ne na Larabci. Ɗanlami da Ɗanladi kuwa sun yi tarayya a sauti da kuma rukunin ma'ana, saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗaya ya tare wa ɗaya hanya.

Akwai kuma abin da gwajin Ingila bai yi la'akari da shi ba, watau yawan sunayen mutum guda. Abubakar Garba ne, Umaru Sanda ne, Usman Shehu ne, Yusufu Maitama ne. Wanda ya ci sunan kaka Abba ne ko Ummi. Daga baya Malam ko Alhaji ko sarauta su rufe sunan yanka. Wanda suna ɗaya ya kwanta masa yana da wani a hannu, don haka mai yiwuwa ne mantuwar ta faru ba tare da an ankara ba.

Mafi muhimmanci shi ne alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin na mijinta ko na surukanta. Idan aka fassara tambayoyin gwajin ƙwaƙwalwa kai tsaye, aka nemi tsohuwa ta jero sunayen iyalinta, shirun da ta yi don kunya ana iya rubuta shi a matsayin gigin tsufa. Wannan kuskure ne da zai shafi lafiyar mutum da mutuncinsa, masanin harshe ne kuwa ya fi cancanta ya hana aukuwarsa.

5.0 Kammalawa

Aikin Cohen ya kafa hujja mai ƙarfi cewa wahalar tuna suna tana da nasaba da yadda suna yake maƙale da mai shi. Rauninsa shi ne ɗaukar al'adar suna ta Ingila a matsayin halin suna ko'ina. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma abin da ya rage shi ne a auna wane linzami ya fi riƙo a hannun tsoho. Gwajin da zai kwatanta sunan yanka da sunan haihuwa da laƙabi a wurin dattawa masu jin Hausa, tare da ware alkunya daga mantuwa, aiki ne da ɗalibin babban digiri zai iya ɗauka tare da sashen nazarin halayyar ɗan'adam, sakamakonsa kuwa zai amfani fannonin biyu.