Kuskure ko Laifi? Nazari a Kan Littafin Robert McNamara

Gabatarwa

A shekarar 1995 Robert McNamara, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaron Amurka daga 1961 zuwa 1968, ya fitar da littafi mai suna In Retrospect tare da taimakon Brian VanDeMark. A ciki ya amsa cewa shi da abokan aikinsa sun yi kuskure a yaƙin Biyetnam. Mutane da yawa sun ɗauki littafin a matsayin tuba. Manufar wannan takarda ita ce a duba ko ya cancanci wannan suna, ta hanyar lura da kalmomin da marubucin ya zaɓa da kuma abin da ya tsallake.

Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Ƙarfin littafin yana wajen nuna yadda ƙasa ke nutsewa a yaƙi ba tare da ta zauna ta ƙiyasta tsawonsa da tsadarsa ba. A ƙarshen 1963 sojojin Amurka a Biyetnam ta Kudu wajen 16,000 ne. A 1968 sun haura 500,000. A watan Agusta na 1964 majalisa ta ba Shugaba Johnson izinin amfani da ƙarfi, kuma sanatoci biyu kaɗai suka ƙi, watau Wayne Morse da Ernest Gruening. Muhawarar gaskiya a ɗakin shugaba aka yi ta, inda George Ball ya yi ta gargaɗi cewa shiga ta fi fita sauƙi, ba a saurare shi ba. McNamara ya kawo takardun wannan lokaci filla-filla, sa'an nan ya rufe da darussa goma sha ɗaya. Ɗaya daga cikinsu shi ne cewa ba a jawo majalisa da jama'a cikin shawara ba. Wannan sashe abin yabo ne.

Kuskure da Laifi

Hausa ta bambanta kuskure da laifi. Mai kuskure ya nufi daidai sai ya sami akasi, saboda haka gyara ake yi masa. Mai laifi kuwa ya san abin da yake yi, kuma akwai haƙƙi a wuyansa. Tun daga gabatarwa McNamara ya ajiye kansa a gida na farko: a ganinsa niyya mai kyau ce, hangen nesa ne ya gaza. To amma littafin da kansa ya rushe wannan da'awa. Ya nuna cewa a watan Mayu na 1967, da kuma Nuwamba na wannan shekara, ya rubuta wa Johnson cewa hanyar da ake bi ba za ta kai ga nasara ba. Ke nan daga lokacin ya sani. Ya bar ofis a Fabrairun 1968, ya koma shugabancin Bankin Duniya, bai faɗa wa jama'a komai ba. Hujjarsa ita ce biyayya ga shugaba. Alhali fiye da rabin Amurkawa 58,000 da suka mutu a yaƙin, bayan tafiyarsa suka mutu. Shirun wanda ya sani ba ya shiga babin kuskure.

Har ila yau, malamanmu sun ce idan laifi ya shafi ɗan Adam, tuba ba ta cika sai an nemi mai haƙƙi. A nan littafin ya fi rauni. A 1995 ɗin dai gwamnatin Biyetnam ta bayyana cewa mayaƙanta fiye da miliyan ɗaya da fararen hula wajen miliyan biyu ne suka halaka. Waɗannan mutane ba su da murya a littafin. Marubucin ya fi ambatonsu a matsayin abokan gāba waɗanda ba a fahimci tarihinsu ba, watau wani gurbi a lissafi. Tsadar yaƙin da ake aunawa tsadarsa ce ga Amurka.

Kammalawa

In Retrospect nadama ce, kuma nadama mai amfani ga mai nazarin yadda hukumomi ke yanke shawara. Amma Bahaushe ya ce da na sani ƙeya ce. Maganar da McNamara ya yi a 1995, da a 1967 ya yi ta a gaban majalisa, da ta shiga muhawara a lokacin da take iya ceton rai. Ya kamata malami mai koyar da tarihin rayuwa ya sa ɗalibai su karanta littafin, su riƙa tambaya a kowane babi: yaushe marubucin ya sani, kuma wa ya faɗa wa?