Fentin da Ya Yi Wata 69 a Sararin Samaniya

Kundin da hukumar NASA ta fitar mai suna LDEF: 69 Months in Space ba littafin karantawa a kwance ba ne. Tarin maƙalu ne na taron da aka yi a Kissimmee, jihar Fulorida, a Yunin 1991, Arlene Levine ta tace. Amma duk mai son sanin irin rufin da ke kare alminiyum a sama, nan zai samu shaidar gani da ido.

LDEF wata ƙatuwar ganga ce mai fuska 12, tsawonta kusan mita 9, ɗauke da gwaje-gwaje 57. Kumbon Challenger ya ajiye ta a Afrilun 1984 da niyyar a ɗauko ta cikin shekara guda. Jinkiri ya shigo, Challenger ya tarwatse a 1986, sai a Janairun 1990 kumbon Columbia ya dawo da ita. Wannan jinkirin shi ya ba kundin daraja.

Inda ya fi armashi shi ne labarin farin fenti A276. Da yake fuska ɗaya ce kullum ke gaba, gangar ta zama gwaji biyu. A fuskar baya, hasken rana mai ƙuna ya dafa ƙaron da ke riƙe fentin har ya koma ruwan ƙasa. A fuskar gaba kuwa ya zauna fari tas, amma farin na yaudara ne: ƙwayoyin oksijin da ke yawo ɗaiɗai sun cinye ƙaron, suka bar garin fentin kamar farar ƙasa a jikin bango. Fenti Z-93, wanda ƙaronsa na silikat ne, bai canza sosai ba. Haka firam ɗin alminiyum da aka yi wa ɓawo da asid da lantarki ya jure. Marubutan ba su ɓoye abin da ya lalace ba, shi ya sa na yarda da su.

Aibinsa a fili yake. Maimaici ya yi yawa, kusan kowace maƙala sai ta sake bayanin gangar, kuma yawancin sakamakon na farko-farko ne. Sannan LDEF ƙasa da kilomita 500 ta zagaya, cikin kariyar maganaɗisun duniya. Injiniyan da ke tunanin ƙurar wata mai kartar ƙarfe, ko tiririn da ke hanyar Mars, sai ya nemi wani littafin ya haɗa da wannan.